Tayar Jif: Ta Kwalta Za A Saya Ko Mai Manyan Haƙora?

Wannan makon za mu ajiye zancen girki da na tarbiyya, mu durƙusa mu leƙa ƙarƙashin mota. Na san wata za ta ce ina ruwan mace da taya. To ai da ruwanki, uwargida, tunda ke da 'ya'yanki ne a kujerar baya, kuma sau da yawa kuɗin sayen tayar daga kuɗin cefane ko na makaranta ake gutsuro shi.

Wata 'yar uwa daga Gwaram ce ta aiko da tambaya. Motar gidansu Prado ce 'yar Kwatano, tayoyinta huɗu sun suɗe, maigida kuma ya ƙwallafa rai a kan irin tayar nan mai manyan haƙora da ake gani a motocin 'yan siyasa da na jami'an tsaro. Ta ce a cikin kuɗin har da adashinta, don haka tana so ta san abin da za a saya kafin ta miƙa.

Amsata a taƙaice: in yawancin tafiyarku a kan kwalta ce, ku sayi tayar kwalta. Ga dalili.

Tayoyin jif da na Hilux iri uku ne, kuma masu yin su kan rubuta harufan a jikin tayar ko a cikin sunanta. Akwai mai H/T, ita ce ta kwalta: zanenta ƙanana ne a matse, da layuka masu zagaye tayar waɗanda ke fitar da ruwa. Akwai mai A/T, 'yar tsaka-tsaki, tana taɓa kwalta tana taɓa burji da yashi. Sai mai M/T, ta taɓo da laka, wadda haƙoranta ke da girma da tazara a tsakaninsu. Ita ce mai ban sha'awa a ido, kuma ita ce ta fi rashin dacewa da motar iyali.

Abin da ke riƙe mota a kan titi bai wuce faɗin tafin hannu na roba a kowace taya ba. Tayar taɓo rabin fuskarta rami ne, saboda an yi ta ne don ta ciji laka ta tofar. A kan kwalta wannan ramin ba ya riƙe komai, shi ya sa in direba ya taka birki mota kan ƙara tafiya kafin ta tsaya, musamman in an yi yayyafi titi ya yi santsi. Duk wadda ta saba bin hanyar Birnin Kudu zuwa Kano, ta Kwanar Huguma da Wudil, ta san abin da ke sa a taka birkin gaggawa: akuya, ɗan acaɓa da ya fito ba sigina, yaro mai talla, ko rami da ba a hango ba sai an iso kansa. A irin wannan lokaci tazarar taku biyar ita ce tsakanin "Allah ya kiyaye" da zaman makoki.

Sannan ga ƙara. Tayar taɓo tana gurnani a kan kwalta tun daga Gwaram har Kano, jariri ba barci, ke ba hira. Ga nauyi, wanda ke sa mota ƙara shan mai, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 babu gidan da ke wasa da lita ɗaya. Ga saurin cinyewa a kan titi mai zafi. Wato za ku biya da tsada, ku ƙara kuɗin mai, ku kuma koma kasuwa da wuri, duk don mota ta yi kwarjini a ƙofar gida.

Amma kada in yi wa maigida rashin adalci, yana da tasa hujjar. Ƙasarmu ba duka kwalta ba ce. Wanda ke da gona a fadama, ko iyayensa na wani ƙauye da sai an sauka daga titi a wajen Kila, Fagam ko Sundimina an bi hanyar ƙasa, ya san yadda marka ke mayar da hanya a watan Agusta. Tayar kwalta in ta shiga laka mai danƙo zanenta cikewa yake yi, ta koma kamar faranti, ta yi ta juyawa wuri ɗaya. Gefenta kuma bai kai na A/T kaurin jure kaifin dutse da kututture ba, ga shi yankin Birnin Kudu da Gwaram ba a rasa duwatsu. Don haka ku zauna ku yi lissafi na gaskiya. A cikin tafiya goma da motar ta yi a watan da ya wuce, nawa ce ta bar kwalta? In ɗaya ce ko biyu, kuma a rani, H/T ta ishe ku, domin jif mai jan ƙafa huɗu tana wuce burji da yashi mara zurfi da tayar kwalta lafiya lau. In kuwa kowane mako sai an shiga ƙauye, damina da rani, to a ɗauki A/T mai matsakaicin zane. M/T dai a bar wa masu aikin daji.

Wani abu kuma da ya kamata a faɗa wa masu jif: babu tayar da ke tsallake ruwan da ya fi ƙarfin hanya. Mutanen Gwaram ba su manta da watan Agustan 2021 ba, lokacin da wata bas ta afka gadar da ambaliya ta karya a hanyar Basirka, mutum 21 suka rasu. Manyan haƙora kan sa direba ya ji kamar babu inda ba zai shiga ba. In ruwa ya rufe hanya, a tsaya a jira, ko me aka ɗaura wa motar.

Yanzu sai mu je wurin saye, inda aka fi cutar mutane.

Ki buɗe ƙofar direba, ki duba jikin ƙarfen da ƙofar ke rufuwa a kai. Akwai 'yar takarda manne da ke nuna girman tayar da kamfani ya yi wa motar da yawan iskar da za a sa. Ki ɗauki hotonta da wayarki. Za ki ga lamba irin 265/65 R17, wadda ake yawan samu a Prado da Hilux. 265 faɗin tayar ne a milimita, 65 tsayin gefenta ne, wato kashi 65 cikin 100 na faɗin, 17 kuma girman wilin ne a inci. Bayan wannan akwai wata lamba da harafi, misali 112T. 112 na nufin taya ɗaya na ɗaukar kilo 1,120, T kuma na nufin an gwada ta har gudun kilomita 190 a awa. Ba cewa aka yi a yi wannan gudun ba, dokar hanya ta tsayar da ƙananan motoci a 100 ko a babban titi. Abin lura shi ne kada a sayi wadda lambar nauyinta ta gaza abin da ke kan takardar. Mu da muke loda mota ranar biki, mutum takwas da kuloli da buhun shinkafa da akwatunan amarya, wannan lambar ta shafe mu kai tsaye. Kuma in mai shago ya ce babu girman motarku amma ga wata "kusan ɗaya ne", a gode masa a je gaba.

Sai shekarun taya, kuma a nan nake so ki fi buɗe ido. A gefen kowace taya akwai rubutu da ya fara da DOT, ƙarshensa lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2324 na nufin an yi ta a mako na 23 na shekarar 2024, wato farkon watan Yuni. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, tana bushewa tana tsattsagewa daga ciki, zafi kuma yana gaggauta hakan. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta daɗe tana wa'azin cewa taya ta shekara huɗu daga ranar da aka yi ta a sauya ta. Kamfanoni irin su Michelin sun fi sassauci, suna cewa daga shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, kada kuma ta wuce goma ko da zanenta na nan. Ni dai a ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40, kwalta na turiri da azahar, na fi karkata ga lissafin FRSC. Abin da wannan ke nufi a shago shi ne, "sabuwar" taya da ta shekara uku a sito ba sabuwa ba ce, ko da tana cikin ledarta. A nemi wadda ba ta wuce shekara ɗaya ba, a kuma duba duk huɗun ɗaya bayan ɗaya, don akan cusa tsohuwa a tsakiya. In an ga wurin lambobin kamar an kankare ko an sake bugawa, a bar ta.

Yawancin tayoyin suna da wani rubutu na jure zafi, da harafi A, B ko C a gabansa. A ta fi, B ba laifi, C a bar wa ƙasashen sanyi.

Dalilin da ya sa sai mun yi wannan binciken da kanmu shi ne kusan duk tayar da ke kasuwa daga waje take zuwa, tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina yi a Ikeja a 2008. Cikin abin da ke shigowa akwai nagari, akwai wanda aka cusa taya cikin taya a kwantena don rage kuɗin dako, wayoyin cikinta su lanƙwashe tun kafin ta taɓa ƙasa. Hukumar SON ta sha kama irin waɗannan. Ita kuwa tayar gwanjo, wadda dokar kwastan ma ta hana shigo da ita, zanenta na iya yin kyau alhali ta shekara takwas, wani a Turai ya gama da ita ya yar. Araha ba ta ado. In kuɗin Bridgestone, Dunlop, Michelin ko Yokohama ya gagara, sabuwar taya mai matsakaicin suna da kwanan wata na kusa ta fi gwanjon babban kamfani nesa ba kusa ba. A karɓi rasit mai sunan shago.

Tambayar da na san za ta biyo baya ita ce, in kuɗin huɗu bai samu ba fa? Ga mota irin Prado, wadda ƙafafunta huɗu ke ja kullum, an fi so a sauya huɗun tare, iri ɗaya, girma ɗaya. In wata ta fi wata tsayi, ko da saboda bambancin cinyewa ne, na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya tana wahala, gyaranta kuma ya fi kuɗin taya. Hilux da ke tafiya da ƙafar baya a kan titi ta fi haƙuri da sauya biyu. In dole sai biyu, su zama iri ɗaya da girman na kan motar, kuma a sa sababbin a baya. Na san masu faci da yawa za su ce gaba, tunda can sitiyari yake. Amma in gaba ta zame direba yana jin ta a hannunsa yana iya gyarawa, in baya ta zame ko ta fashe mota juyawa take yi, jif kuma doguwa ce, ba ta da wuyar kifewa. Haɗa ta kwalta da ta taɓo a mota ɗaya kuwa, wannan kada a fara.

Masu tunawa za su tuna rasuwar ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansu a hanyar Kaduna zuwa Abuja ranar 6 ga Maris, 2016. Jif ce babba ta gwamnati. Tayar baya ce ta fashe ana cikin gudu, direba ya taka birki, motar ta wuntsila. Ki gaya wa duk mai tuƙa 'ya'yanki, ko maigida ne ko direba ko ke da kanki: in taya ta fashe, a riƙe sitiyari da hannu biyu, a ɗaga ƙafa daga totur a hankali, kada a danna birki sai mota ta rage gudu da kanta, sannan a gangara gefe.

Bayan an ɗaura sababbi, a yi balansin da alaimen a ranar, in ba haka ba ramukan hanya za su sa su cinye ta gefe ɗaya cikin 'yan watanni. A sauya bakin iskar kowace taya, kuɗinsa kaɗan ne. Iska kuma a bi abin da takardar ƙofa ta ce, wanda a irin waɗannan motoci bai cika wuce 30 da 'yan kai ba. Lambar da ke jikin tayar iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba, kuma bugun taya da ƙarfe a saurari ƙara ba awo ba ne. Ƙaramin gejin iska a aljihun mota ya fi. A auna da safe kafin mota ta yi tafiya, sau ɗaya a wata da kuma kafin doguwar tafiya. Ƙarancin iska da lodi da zafin rana su ne suka fi haɗuwa su fasa taya. Duk kilomita 8,000 zuwa 10,000 a juya su, na gaba su koma baya. A cikin ramin zanen akwai ɗan tudu mai tsayin milimita 1.6, ranar da fuskar tayar ta yi daidai da shi, ta gama aiki. In kuma kin ga ƙulu ya fito a gefe, wannan ba a faci, sai sauyi.

Ke kuma 'yar uwa ta Gwaram, tunda tafiyarku asibitin tarayya na Birnin Kudu ce da Dutse da Kano, ƙauye sai da salla, H/T huɗu za ku saya. Ba sai kin ce masa zaɓinsa bai yi ba. Ki nuna masa hoton takardar ƙofar, ki yi masa lissafin mai na wata guda, ki ce kina so ku je shagon tare ki ga lambobin da idonki. Kafin ku tafi ku sauke safayar da ke bayan motar ku karanta nata kwanan watan, domin a motocin Kwatano sau da yawa ita ce wadda motar ta fito da ita daga kamfani, kuma in haka ne lissafinku na taya biyar ne.