Sharhi: Zakaran Kasuwa da Kajin Gida



Duk wanda ya daɗe a garin nan na Kaduna, ko a Unguwar Shanu yake zaune, ko Badarawa, ko Hayin Banki, ya san cewa da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, hazo ya lulluɓe kogi da sassafe, to, akwai wata baƙuwa da ke biye da ita wadda ba ta sallama, ita ce annobar da ke shiga akurki, har matar da ta kwana da kaji goma sha biyar ta wayi gari bayan mako guda ba ta da ko ta yanka wa baƙo. Kazar gida kuwa, ko da yake ƙanƙanuwar dukiya ce a idon mai shanu, ita ce asusun mata da yara, da ita ake sayen littafin makaranta, da ita ake fita kunyar suna da ta Salla.

Na ga wannan musiba da idona a wani gida da na taɓa zama. Wata dattijuwa da muke ce wa Inna ta aiki jikanta kasuwa ya sayo mata zakara, yaro ya dawo da wani ƙato ja, a kan kuɗin da kowa ya yi mamakin araharsa, aka kwance igiyar ƙafarsa, ya nufi kaskon da sauran ke shan ruwa ya tsoma baki. A daren nan muka ji numfashinsa yana kurari kamar na mai asma. Kafin kwana shida kajin Inna sun takure a gindin bango, fukafukai a sake, baki a buɗe suna neman iska, kashinsu kore shar, wadda ta fi su jimiri kuma wuyanta ya murɗe, tana duban sama tana zagaya wuri ɗaya. Inna ta fasa kafso ja-da-rawaya a ruwa, ta daka barkono da gautan kaji, ta kwana tana ɗura musu da cokali, amma ba ta tsira da komai ba sai agwagi biyu.

Wannan cuta ita ce mutanenmu ke kira fakat, Turawa kuma suka laƙaba mata sunan garin Niyukasil na Ingila, inda aka gane ta a 1926, shekarar da ta bayyana a tsibirin Jaba na Indunusiya. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, kafso kuwa bai da iko a kan bairos, sai asarar kuɗi. Akwai wata murar dabam, mai kumbura fuskar kaza ta liƙe mata ido, majina mai wari na zuba daga hanci, wadda ita takan ji magani idan likitan dabbobi ne ya zaɓa, sai dai kazar da ta warke takan ci gaba da ɗaukar ƙwayar tana shafa wa wasu alhali ita tana kiwonta garau.

Ta uku kuwa, mu mutanen jihar nan mun fi kowa cancantar tuna ta. A ranar 8 ga Fabrairu 2006, bayan an kai samfuri ƙasar Italiya an auna, aka tabbatar wa duniya cewa murar tsuntsaye ta ɓulla a wata babbar gonar kaji a Jaji, cikin ƙaramar hukumar Igabi, kan hanyarmu ta zuwa Zariya, kuma wannan shi ne karon farko da aka tabbatar da irin wannan ƙwayar a kajin nahiyar Afirka. Dubban kaji suka mutu a gonar, cutar ta bazu jihohi da dama, a farkon 2007 ta yi ajalin wata matashiya a Legas, sannan ta sake dawowa a 2015. Ido ba ya iya rarrabe ta da fakat tabbatacciyar rarrabewa, sai ɗakin gwaji. Saboda haka idan kaji suka riƙa faɗuwa bagatatan cikin yini ɗaya ko biyu, jan naman kan zakara da na haɓarsa ya rine ya yi shuɗi, wajibi ne a hana yara taɓa su, a sanar da ma'aikatan lafiyar dabbobi ba tare da jinkiri ba.

Amma abin da ya fi ci mini rai, wanda dominsa na ɗauko wannan magana, shi ne wata ɗabi'a da muka mayar wayo, alhali zalunci ce. Da zarar mutum ya ga kaza ɗaya ta yi sanyi a gidansa, sai ya tattara sauran ya ɗaure ƙafafunsu, ya jira Talata ya nufi kasuwar Kawo ko wata kasuwar, ya karyar da su kafin alama ta bayyana, yana ganin ya tsere wa asara, bai kuwa tsere mata ba, ɗaukarta ya yi ya kai gidan wata baiwar Allah da ba ta ji ba ta gani ba. A kasuwa kuma ana cusa kajin gari goma a keji ɗaya, balle a watan Disamba da cinikin Kirsimeti ke haɗuwa da sanyin hunturu. Malamanmu na fiƙihu ba su bar wannan babi a duhu ba: ɓoye aibin haja algus ne, haramun ne, mai saye yana da zaɓin mayarwa. Ya kuma tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mai raƙuma marasa lafiya gwama su da masu lafiya. Wanda ya kiyaye haddin raƙumi, ban ga hujjarsa ta keta na kaza ba.

To, mene ne abin yi? Kazar da aka sayo, ko aka kawo kyauta, ko da daga gidan surukai ta fito, a killace ta ita kaɗai mako uku, da kaskonta da tsabarta, kafin a sake ta cikin 'yan'uwanta. Wadda ta kamu a ware ta nan take, a riƙa fara ba masu lafiya abinci kafin a je wurinta, a wanke hannu da sabulu bayan an fito. Mushe kada a jefa shi bola ko kwata, inda kare da hankaka za su ja shi unguwa-unguwa. A haƙa rami mai zurfi a binne, a share kashin akurki a ƙone, a wanke kasko, a bar wurin ya sha rana makonni kafin a sake zuba wasu.

Rigakafin fakat kuwa yana nan, kuma a ƙasarmu ake yin sa, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924. Cikin irinsa akwai wanda masana a Ostareliya suka samar musamman don kajin ƙauye, mai jure zafi fiye da sauran, wanda ɗigo ɗaya ake sa wa kowace kaza a ido, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. Sharaɗinsa shi ne a ba kaza tun tana da lafiya, domin ba ya tayar da wadda ta riga ta kwanta. Da yake kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida guda, kuma idan an haɗa ta da ruwa ba ta jira, abin da ya dace shi ne matan layi ɗaya su haɗa kuɗi kamar yadda suke adashi, su nemi ma'aikacin dabbobi ko ɗalibin da ya yi karatu a kwalejin noma da kiwo ta Mando, su tsayar da rana a watan Oktoba, a hana kaji fita da safe, a bi gida-gida har a kai ƙarshen layi kafin rana ta yi zafi.