Kan rak ɗin sitiyari da masu cewa "ai haɗe-haɗe ne"

Duk ranar da aka ɗora hoton wata mota da ɗalibai suka haɗa, kafin ka gama kallo wani ya rubuto a ƙasa: "Ai ba ƙira ba ce, kayan Beljiyam ne suka jona." Wannan magana tana ci min tuwo a ƙwarya, musamman yanzu da wasu yaranmu 'yan Gaya da Ajingi, ciki har da ɗan yayata, suke fama da aikinsu na shekarar ƙarshe: ƙaramar motar tsere mai kujera ɗaya. Sun yi walda sun tayar da gangar jiki, injin babur suka ɗora, an samu tayoyi. Abu ɗaya ya tsayar da su kusan wata guda, wato rak ɗin sitiyari.

Ga wanda bai sani ba, rak wani dogon ƙarfe ne mai haƙora a kwance tsakanin tayoyin gaba. In ka murɗa sitiyari, wata 'yar giya ce take bin haƙoran nan tana tura ƙarfen hagu ko dama, shi kuma ya ja tayoyin. A ido ba komai ba ne. Amma na motar gida ya yi wa motar yaran tsawo da nauyi, kuma sai an murɗa shi kusan sau uku kafin ya ƙure, alhali direban tsere da ke matse a kujera ba shi da sararin sakin hannu ya sake kamawa. In tsawon bai dace da ƙafafun motar ba, da zarar ta taka rami tayoyin za su juya da kansu ba tare da direba ya taɓa komai ba. A gasar Formula Student ta ɗaliban duniya, lilon da aka yarda sitiyari ya yi bai wuce digiri 7 ba. Wanda ake ƙerawa musamman don irin wannan mota kuwa, ɗaruruwan daloli ne kafin a yi maganar kuɗin jirgi da na kwastan. Ɗan manomin gero a Ajingi, ina zai samo?

To, hanya uku ce. Ko a yi odar na waje, wanda babu halinsa. Ko a shiga Ƙofar Ruwa a nemo na ƙaramar mota wanda ba ya aiki da mai, a gina gaban motar daidai da shi. Ko kuma a yanke dogon a rage shi a mayar da walda, abin da wasu ke ta ba su shawara ke nan don ya fi araha. Ni dai ra'ayina a fili yake: kada a kuskura a yi walda a tsakiyar rak. Ƙarfe ne da aka gasa don ya yi tauri, wutar walda tana sauya masa hali, kuma ba ya yin sallama ranar da zai karye. Wanda zai zauna a kujerar nan ɗan wani ne. In ya zama dole a rage tsawo, a kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya datse bakin ya fitar da sabon zare, malaminsu yana tsaye da ma'auni.

Su kuma masu gori, ku sani hatta Toyota ba ita take ƙera kowane sitiyarinta da hannunta ba. Akwai kamfani irin JTEKT da sana'arsa ke nan. Peugeot da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, da sassan da aka kawo daga Faransa aka fara. Ɗalibin BUK ɗin nan da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a 2007, injin Honda Civic ya sa. Ilimin injiniya yana wajen sanin wane ƙarfe zai zauna da wane, da lissafin da ya sa aka zaɓe shi. Yaron da ya iya bayanin dalilin da ya sa ya ƙi rak ɗin Golf ya ɗauki na wata ƙaramar mota, wallahi ya koyi abin da bai samu a allo ba.

Inda nake ganin laifinmu ne mu manya shi ne nan. Tun muna yara ake ba mu labarin cewa maƙeran Gaya, Abagayawa, su suka taso neman tama har suka sauka a gindin Dala, kuma daga sunan maƙerin nan Kano birnin ya samo suna. Muna alfahari da wannan a kowane taro. Amma yau ɗalibi da ke son a yanka masa haƙoran giya daidai sai ya hau mota ya bi ta Wudil ya shiga birni, ya yini yana yawo rumfa rumfa, ya dawo da magariba hannu rabbana, gobe ya sake biyan kuɗin mota daga aljihun babansa. A aikin gwamnati na ga yadda ake rabon kekunan ɗinki da injinan markaɗe da sunan tallafi, bayan sati biyu ka gan su a kasuwa. Kuɗin rabo ɗaya irin wannan zai sayi injin sassaƙa ƙarfe mai kyau, a ajiye shi a Gaya ƙarƙashin ƙwararren mai sana'a, ɗalibai su yi aikinsu, mai injin ban ruwa da mai tarakta su ma su huta da zuwa Kano. Ga Jami'ar Aliko Dangote a Wudil, maƙwabciyarmu, da sashen injiniya. Ba abin kunya ba ne shugabannin ƙananan hukumomin biyu su je su nemi a tsara abin tare.

Kafin nan dai, yaran suna da makonni kaɗan kafin su gabatar da aiki. Duk wanda ke da rak na ƙaramar mota marar mai, wanda haƙoransa ba su cinye ba kuma ba a taɓa yi masa walda ba, ko ya san amintaccen mai kaya a Ƙofar Ruwa da zai bari a auna kafin a biya, don Allah ya yi min magana ta saƙo. Za su zo da ma'auninsu.