Zinarenmu na isa kantunan duniya, sunanmu ba ya isa

A watan Maris na 2018 kamfanin Chopard na Suwizalan, mai ƙera agogo da sarƙoƙin attajirai, ya sanar cewa daga Yulin shekarar ba zai ƙara aiki da zinaren da bai aminta da asalinsa ba. Ranar 5 ga Mayu na wannan shekara 'yan bindiga suka afka wa garinmu Gwaska, suka kashe mutum aƙalla 45, suka cinna wa gidaje wuta. Ba na cewa don zinare aka kashe mutanenmu a ranar. Amma duk ɗan ƙasar Birnin Gwari ya san bindigar da ke dajin nan da kuɗi ake ciyar da ita, kuma bayan satar shanu da kuɗin fansa, akwai harajin da ɓarayin daji suka ɗora wa masu haƙa a bakin rami.

Haƙar zinare a nan ba sabon abu ba ne. Tun zamanin Turawa ake tono a Tsohuwar Birnin Gwari, yau ga Bugai da sauran wurare. Saurayi zai shiga ramin da ba tokari, ya fito da dutse, a kai inji a niƙa, a wanke, a zuba zaiba da hannu tsirara don ta kama zinaren, sannan a ƙona, hayaƙin ya shiga ƙirjinsa. Mun ga abin da gubar dalmar da ke cikin dutsen zinare ta yi a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega. A 2015 ta sake aukuwa a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi, maƙwabtanmu na Jihar Neja. Bayan duk wannan wahala, dillali ne zai ɗora ɗan ƙurar a sikelinsa, ya faɗi farashin da ya ga dama.

Daga hannun dillali labarin ya ɓace. Ƙungiyar Swissaid ta lissafa cewa a 2022 kaɗai an yi fasa-ƙwaurin zinare aƙalla tan 435 daga Afirka, na sama da dala biliyan 30, akasarinsa zuwa Dubai. Da an narka shi a can, ba mai iya rarrabe na Bugai da na tsohuwar sarƙar da aka sake narkawa. Yana iya wucewa Turai da takarda fes.

Nan ne nake da ja da manyan kamfanonin ado. Da yawansu sun ɗauka tsabta ita ce a guje mu: su sayi na manyan ma'adinai ko wanda aka ce tsoho ne aka sabunta, su rubuta a rahoto cewa hannunsu bai taɓa wurin rikici ba. Gudun nan bai rufe rami ko ɗaya ba. Abin da ya yi shi ne barin mai haƙa da mai saye ɗaya tilo, wanda ba ya tambayar komai. Alhali akwai wata hanya, an kuma gwada ta. Shi Chopard ɗin yana sayen wani kaso daga ƙungiyoyin ƙananan mahaƙa a Kolombiya da Peru masu shaidar Fairmined, inda ake sanin ramin da kowane giram ya fito, a hana sa yara aiki, a rage zaiba, a ƙara wa mahaƙa kuɗi a kan farashin kasuwa. Kolombiya ma ta sha yaƙin daji na shekaru. Me ya sa mahaƙinta ya cancanci a zauna da shi, namu bai cancanta ba?

Sai dai ba Bature ne zai fara ba. Tun da Gwamna Uba Sani ya zo aka yi sulhu da ɓarayin daji a Nuwamban 2024, aka sake buɗe kasuwar kara, motoci suka koma hanya. In shanu sun samu kasuwa a fili, zinare ma ya samu. Gwamnatin tarayya ta nuna mana sandar zinare mai nauyin kilo 12.5 da Babban Banki ya saya a 2020 ƙarƙashin PAGMI, shirin ƙananan mahaƙan zinare. Muna son mu ga irin wannan ciniki a cikin garin Birnin Gwari, da sikeli na gaskiya, da rasit, da rajistar ƙungiyoyin mahaƙa wadda masarauta za ta sa ido a kai. Matuƙar babu wannan, sulhun na tsaye da ƙafa ɗaya, domin kuɗin ramin zai ci gaba da bin hanyar daji.

Mu ma muna da namu rabon. Kowace kakar biki ana zuba sarƙa da awarwaro 'yan Dubai a akwatin lefe a Kano da Kaduna, ana alfahari da nauyinsu. Wataƙila wani ɓangaren zinaren daga bayan gidanmu ya tafi, ya dawo da ninkin kuɗi. Hajiyar da ta iya tambayar mai shago ko giram nawa ne, tana da ikon ƙara tambayarsa daga ina ya fito, ta kuma nemi ya nuna mata takarda.