Daga Nguru Zuwa Gashuwa Ta Sama: Minti Nawa?

In aka miƙe zare a kan taswira daga Nguru zuwa Gashuwa, za a tarar da nisan bai wuce kilomita 65 ba, kuma gabas sak. Ƙaramin jirgin sama mai farfela ɗaya, wanda ke cin kilomita 200 a awa, zai gama wannan tafiya cikin minti 20. Babban jirgin fasinja kuwa, mai gudun kilomita 800 a awa, a lissafin takarda minti biyar ya ishe shi.

To, amma lissafin takarda dabam, aiki dabam. Babban jirgi yakan ɗauki kusan minti 20 yana hawa kafin ya kai inda zai saki gudu, kuma a wajen tashi da hawa ne ya fi shan mai. Watau kafin ya daidaita, ya riga ya wuce Gashuwa. In aka haɗa da zuwa filin jirgi da jira da awon kaya, mai motar haya da ya tashi daga tashar Nguru zai riga shi isa, domin awa guda ko ɗoriya kaɗan ke gabansa. Saboda haka abin da ke tsakanin garuruwan nan biyu magana ce ta hanyar mota, musamman da damina, lokacin da fadamun Haɗejiya da Nguru ke cika, Kogin Yobe kuma ya yi ambaliya.

Inda jirgin sama zai yi rana shi ne tafiya mai nisa. Daga Gashuwa zuwa Damaturu ta sama kimanin kilomita 160 ne, zuwa Maiduguri 255, zuwa Kano 290. Ƙaramin jirgin nan zai sauka Kano cikin awa ɗaya da rabi, alhali a mota sai a ci kusan rabin wuni. Ga ɗan kasuwa wannan ribar lokaci ce kawai. Amma ga mai ciwon ƙoda, cutar da ta daɗe tana addabar ƙasar Bade, ko mai naƙuda da aka tura Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, waɗannan awoyi su ne tsakanin rai da ajali.

Tun 1925 jiragen sama suka fara sauka a Kano, a 1930 kuma jirgin ƙasa ya iso Nguru don ɗaukar gyaɗa da fatu. A 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya a Gashuwa, a 2023 kuma aka buɗe filin jirgin sama a Damaturu. Wanda ya gina waɗannan ba zai gaza shimfiɗa ɗan fili mai kyau a arewacin Yobe ba, inda jirgin ɗaukar marasa lafiya zai iya sauka rani da damina.

Ya kamata Gwamnatin Jihar Yobe da ta Tarayya su raba aikin gida biyu: kwalta mai ƙarko tsakanin Nguru da Gashuwa, da ƙaramin filin jirgi don gaggawa. Allah ya sa masu iko su duba.