Jirgin Shan Iska a Kan Kwara

Akwai wata irin tafiya da masu hali na duniya ke yi, wadda ba fatauci ba ce, ba ziyarar dangi ba, ba kuwa gaggawar isa wani gari ba. Mutum ya kan biya kuɗi mai yawa, ya shiga jirgin ruwa wanda aka ƙawata kamar gidan sarki, da ɗakin kwana da na cin abinci da kuku da masu hidima, sa'an nan jirgin ya yi ta bin kogi sannu sannu kwana da kwanaki. Da dare a yi tafiya, da safe a farka a bakin wani gari, a sauka a yi kallo, a komo. Daga cikin 'yan'uwa ɗalibai akwai masu cewa wannan almubazzaranci ne kurum. Ni ban yarda da su duka ba, ina kuwa roƙon Edita ya ba ni fili in faɗi dalili.

Mu fara da inda abin ya yi ƙarfi. A Masar, tun 1869 wani Bature mai suna Thomas Cook ya fara kai masu yawon kallo cikin jirage masu tafiya da tururi a kan kogin Nilu. Har wa yau ana bin wannan hanya tsakanin Luksor da Aswan, a tsaya Edfu da Kom Ombo don ganin gine-ginen Fir'aunoni. Tafiyar da jirgin ƙasa ke yi cikin sa'a uku ko huɗu, su sai su kwana uku ko huɗu a kanta, kuma don wannan jinkirin su ke biyan kuɗin! A Turai kuwa, tun da aka gama haƙa mashigin da ya haɗa kogin Rayin da na Danub a 1992, jirgi na iya tashi daga Amsterdam ya bi ruwa har Budapest cikin kamar mako biyu. Jiragen nan dogaye ne sirara, tsawonsu ya kan kai mita 135, faɗinsu bai cika mita 12 ba, gama tilas su shige ƙofofin da a ke ɗaga ruwa da saukar da shi. Fasinja a ciki ba su kan kai 200 ba.

To, mai karatu zai ce, mu mutanen Kano ina ruwanmu? Ba mu da kogin da jirgi zai bi, Challawa da rani ko ɗan yaro ya ƙetare ta da ƙafa. Gaskiya ne. Amma unguwar nan ta Nasarawa da mu ke zaune ciki, da faffaɗan titunanta da itatuwanta, Turawan da aka fara keɓe wa ita da yawansu ta ruwa su ka zo. Su kan sauka Burutu a bakin teku, su hau jirgi su bi Kwara zuwa Lakwaja, inda Lugga ya kafa tutar mulkin Arewa ran 1 ga Janairu 1900. Gwamna yana da jirginsa na musamman mai suna Corona, wanda za mu iya cewa shi ne jirgin alfarma na zamaninsa a wannan kogi. Hanyar jirgin ƙasa ta fari da ta iso Kano a 1911 ba daga Ikko ta taso ba. Daga Baro ta taso, a bakin Kwara cikin ƙasar Nufe, mil 356 zuwa nan, ƙarafunta kuwa a jirgin ruwa aka hau da su. Watau shekara ɗari da 'yan kai da su ka wuce, Baro ita ce ƙofar Kano ta ruwa. Da aka gama gadar Jebba a 1916, jirgin ƙasa ya riƙa zarcewa Ikko ba tsayawa fito, sai Baro ta soma ja da baya. Mota ta zo ta ƙarasa abin da ya rage.

Abin da kogi ke ba matafiyi, wanda hanyar mota ba ta iya ba shi, shi ne gani. Mu da za mu tsaya gaban yara mu koya musu labarin ƙasa, mu kan zana Kwara da Binuwai a allo, mu ce ga inda su ka haɗu, alhali yawancinmu iyakar saninmu da su leƙe ne ta tagar mota a kan gada. Wanda ya bi ruwa daga Baro zuwa Lakwaja zai ga gonakin shinkafa na Nufawa, da Kakanda waɗanda tun kakanni sana'arsu tuƙin jirgi ce, da tsibiran rairayi inda masunta ke kafa bukkoki da rani. In ya juya ya hau Binuwai sai Makurɗi, da Ibi, da Numan, da Yola, har Garwa cikin Kamaru, inda jiragen kamfani su ka riƙa kai gishiri da yadi da damina, su komo da gyaɗa da auduga. A wannan kogi ne Likita Baikie ya hau da jirgin Pleiad a 1854, ya shayar da mutanensa kwini, ya komo ba wanda zazzaɓi ya kashe. Darasi ke nan guda na tarihi da na kiwon lafiya, wanda yaro ba zai manta ba in a kan ruwan aka faɗa masa.

Saboda haka ban ga aibi ga jirgin shan iska ba. Attajiran da ke kwasar kuɗi su kai Masar don su kwana a kan Nilu, da sun sami irinsa a gida, da mai tuƙi da kuku da mai sayar da kifi da maƙerin tagulla na Bida duk sun sami rabonsu.

Amma akwai inda masu sūka su ka fi ni hujja, ba kuwa zan ɓoye ta ba. Kogin da mu ke so a yi wa ado yana cin talakawa kowace shekara. A watan Mayu 2021 jirgi ya nutse kusa da Wara cikin Jihar Kebbi da mutum fiye da 150 a ciki, waɗanda aka ceto kaɗan ne. A watan Yuni 2023 fiye da mutum 100 su ka halaka a ƙasar Patigi, suna komowa daga biki da dare. Ba sai mun je nesa ba ma. Ran 30 ga Nuwamba 2021 kwalekwale ya kife a dam ɗin Watari a Bagwai, nan Jihar Kano, mutum 29 ko fiye su ka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Allah ya jiƙansu. Yara ne irin waɗanda a ke shirya mu mu koyar. Dalilan kuwa kusan iri ɗaya ne ko'ina: tsohon jirgin katako, lodi ya wuce kima, tafiyar dare, kututture a ƙarƙashin ruwa, babu rigar hana nutsewa. Yaya za a yi farin jirgi mai fitilu da kiɗa ya wuce ta gaban mutanen da su ka binne 'ya'yansu jiya, a ce an ci gaba?

Ga abin da na ke gani. Kada a raba jirgin mai kuɗi da na talaka, a haɗa su cikin jirgi guda. Wannan ba sabon abu ba ne a kan Kwara. A Mali, kamfanin jiragen ruwa na gwamnati ya daɗe yana tafiyar da manyan jirage lokacin cikar ruwa daga Kulikoro zuwa Gao, ta Mopti da Kabara, mashigar Tumbutu, tafiyar kamar kilomita 1,300. Ɗaya daga cikinsu sunansa Kankou Moussa. A bene akwai ɗakunan alfarma, a ƙasa 'yan kasuwa da buhunansu da tabarminsu, kowa da kuɗin da ya biya. Amma ƙarfen jirgin ɗaya ne, matuƙin ɗaya ne, injin ɗaya ne. In mai bene ya nemi a duba lafiyar jirgi don ransa, to, ran na ƙasa ma ya tsira. Kuɗin ɗaki guda na sama ya isa ya rage wa mutum da yawa na ƙasa kuɗin fito. Mai iko kuma, in shi da iyalinsa za su kwana a kan ruwa, ba zai jinkirta sa a cire kututture a kafa alamun hanya ba.

Na san akwai wuya. Ruwa ba ya cika duk shekara. Binuwai ta sama watanni kaɗan na damina kaɗai ta ke ɗaukar babban jirgi, rairayi kuwa kullum ƙaura ya ke yi, hanyar bara ba ita ce ta bana ba. Don haka jirgi mai shafaffen gindi a ke bukata, irin na dā mai fiffike a baya, ba mai zurfin ciki ba. Ga kuma sha'anin tsaro: a Mali ɗin nan 'yan bindiga su ka far wa jirgin Tombouctou ran 7 ga Satumba 2023, su ka kashe mutane da yawa. Ba wanda zai biya kuɗi ya je shan iska inda a ke harbi.

Duk da haka ba daga tushe za a fara ba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda aka kafa a 1997, a Lakwaja hedkwatarta ta ke. A 2009, zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, aka soma yashe Kwara daga Warri zuwa Baro, kilomita 572. A watan Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a Baro. An kashe dukiya mai yawa don ɗaukar kaya, fasinja ne ba a yi shiri dominsa ba. Da za a gwada, ni sai in ce a fara da ɗan gajeren zango, Baro zuwa Lakwaja, jirgin ƙarfe guda mai hawa biyu, sau ɗaya a mako daga Agusta zuwa Nuwamba, ya tsaya kowane gari mai kasuwa, a ƙidaya mutane a bakin tsani, kowa da rigarsa ta hana nutsewa, kuma da faɗuwar rana a ɗaure shi a gaɓa sai gari ya waye.