Kayan da ba ya hawa sikeli

Wannan makon maganar cikin gida zan taɓa, wanda zai ji haushi ya yi mini afuwa.

Bara ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa a nan Kumasi ta ce a daina rubuta kuɗin wata-wata a littafi, a koma kwamfuta. Da kuɗin nan muke biyan asibitin ɗan'uwa, da su muke sallamar matar da mijinta ya rasu ta koma gida da marayunta. Aka ce a nemo mai haɗa manhaja. Mutum uku suka kawo farashi, aka ba wanda ya fi kowa tsada, wai ya fi ƙwarewa. Sai daga baya muka ji ashe surukin ɗaya daga cikin shugabanninmu ne. Ban ce an ci ba, don ban gani da idona ba. Amma wata bakwai ke nan, har yau magatakarda da biro yake aiki, kuma an sake kawo mana takardar "kuɗin kulawa".

Ni fa shekara talatin ina harkar goro. In ka kawo mini huhu, zan kwance, in duba, in san ko ka cuce ni. Manhaja kuwa ta ina za ka kama ta? Ba buhu ba ce balle ka ƙirga. Mai sayarwa ne kaɗai ya san abin da ta ci, shi ya sa kamasho ke samun wurin ɓuya a cikinta.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ne. A watan Janairun 2024 kamfanin SAP na Jamus, wanda manyan ma'aikatun duniya ke aiki da manhajarsa, ya amince ya biya sama da dala miliyan 220 don rufe binciken hukumomin Amurka kan ba da cin hanci. Afirka ta Kudu ce kan gaba a maganar, da kamfanin lantarkinsu Eskom a ciki, sai Indonesiya, kuma sunan Ghana ɗin nan tamu ya fito a takardun. Yadda aka yi ta shi ne a sa dillali a tsakani, a biya shi kamasho da sunan ya taimaka an samu kwangila, kuɗin kuma su zarce aljihun wanda zai sa hannu. Dillalin da bai ɗauki ko tsinke ba!

Uwargida ta ce mini, "Alhaji, ka bar maganar nan, da mutanen nan kake sallah sahu ɗaya." Gaskiyarta. Sai dai ranar da wani cikinmu ya kwanta asibiti aka buɗe asusu aka tarar wayam, da su ɗin dai zan haɗa ido.

Don haka taron Lahadi mai zuwa zan miƙe in nemi a karanta mana takardun farashin nan uku a fili, a faɗi dalilin zaɓen mai tsadar, a kuma dakatar da ragowar kuɗinsa har sai magatakarda ya buɗe manhajar a gabanmu ya nuna mini sunana da abin da na biya tun daga Muharram. Na gaya wa shugaba tun jiya, don kada ya ce na yi masa ba-zata.