Uwa Ce Makarantar Farko: Haƙƙin Iyayen Yara Masu Buƙata Ta Musamman A Ƙasar Kabi

Duk lokacin da aka zauna zancen ilimin yara masu buƙata ta musamman a Nijeriya, akan yi magana ne a kan gini, da keken guragu, da albashin malamai. Ba a cika tunawa da mutanen da yaron ke hannunsu dare da rana ba, wato iyayensa. Wannan maƙala tana da ra'ayin cewa a ƙasar Argungu da Birnin Kebbi, tallafin da ya fi gaggawa shi ne wanda zai isa ga uwa da uba a cikin gidansu, da harshen da suke ji, kafin yaro ya kai shekarun shiga makaranta. Idan aka tsallake wannan mataki, abin da za a gina a bayansa ba zai yi ƙarko ba.

Ta fuskar doka, Nijeriya ba ta da ƙarancin alkawari. A shekarar 2010 ta amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan dokar hana nuna musu wariya, wadda ta ba su damar karatu kyauta har zuwa ƙarshen sakandare, ta kuma wajabta wa makarantun gwamnati karɓarsu tare da tanadar ma'aikacin da ya ƙware a sha'aninsu. Dokar ta ba da wa'adin shekara 5 don gyara gine-ginen jama'a, wa'adin kuwa ya cika a farkon 2024. Tun kafin wannan, tsarin rabon kuɗin Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Ƙasa, UBEC, ya ware kashi 2 cikin 100 don ilimi na musamman. Abin tambaya shi ne, iyaye nawa ne a Augie ko Kangiwa ko Kamba suka taɓa jin waɗannan tanade-tanade? Haƙƙin da mai shi bai san da shi ba, ba zai tashi nemansa ba, kuma ba wanda zai kawo masa shi har gida.

Yanayin ƙasar ma yana ƙara wa lamarin nauyi. Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙira a 1991, tana da ƙananan hukumomi 21, amma ƙwararrun likitoci da makarantar yara masu buƙata ta musamman sun tattaru ne a Birnin Kebbi. Daga Argungu tafiyar kimanin kilomita 50 ce; daga ƙauyukan Arewa da Dandi kuwa sai a ƙara kuɗin mota da kwanan hanya. Manomin shinkafa da ke fadamar Rima, wanda ke auna kowace rana da aikin gonarsa, zai yi nazari sau biyu kafin ya ɗauki yaro zuwa gwajin ji. Sau da yawa akan jira har yaron ya kai shekara biyar ko shida bai yi magana ba, sannan a gane cewa kurma ne. A lokacin an riga an yi asarar shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi saurin kama harshe. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yawancin abubuwan da ke jawo waɗannan larurori sanannu ne. Sanƙarau, wanda ya yi mummunar ɓarna a Arewacin Nijeriya a 1996 kuma yake dawowa da zafin bazara, yakan bar yaro da kurumta. Ƙyanda tana iya taɓa ido da kunne. Doguwar naƙuda da shawarar jarirai da ba a kula da ita ba sukan taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya makara wajen zama da tafiya da magana. Idan ba a yi wa iyaye wannan bayani ba, wani zai cike musu gurbin da nasa. Sai a ce iska ce ta taɓa yaron, ko a kira shi ɗan ruwa, ko a ɗora wa uwar laifi. Daga nan dukiyar gida ta tafi wajen masu magani, yaron kuma a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki saboda bakin mutane. Uwa ce ke ɗaukar mafi yawan wannan nauyi: ita ce ke barin sana'a, ita ce ke daina zuwa biki da suna, wani lokaci ma aurenta ne ke girgiza.

Batun harshe ya fi kowanne nuna yadda aka manta da iyaye. Kurame a ƙasar Hausa suna da harshensu tun da daɗewa, wato maganar hannu, wadda Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano ta wallafa littafi a kanta a shekarar 2000. Makarantun kurame kuwa sun ginu ne a kan alamun da suka samo asali daga Amurka, waɗanda Andrew Foster ya shigo da su Ibadan a 1960. Sakamakon haka, yaron da aka kai makarantar kwana yakan dawo hutu da harshen da mahaifiyarsa ba ta sani ba. Ya sami abokan hira a makaranta, ya zama baƙo a gidan ubansa. Mafi yawan yara kurame iyaye masu ji ne ke haifarsu, don haka wannan giɓi ba na gida ɗaya ko biyu ba ne. Koya wa yaro harshe ba tare da koya wa iyayensa ba, rabin aiki ne.

Mai ja da wannan ra'ayi zai iya cewa jihar da ke fama da ɗimbin yaran da ba su zuwa makaranta kwata-kwata, da azuzuwan da ba su da rufi, ba ta da sukunin buɗe wani sabon babi. Maganar tana da nauyi, amma ta kauce wa abu biyu. Na farko, yara masu nakasa suna cikin waɗancan yaran da ke waje, kuma su ne na ƙarshen shiga idan ba a neme su da gangan ba. Na biyu, tallafa wa iyaye shi ne mafi arha cikin dukkan matakan. Ba ya buƙatar sabon gini, sai amfani da abin da ke akwai.

Abin da ke akwai kuwa yana da yawa. Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie tana cikin garin Argungu, tana yaye malamai kowace shekara. Tana iya shirya gajeren horo a lokacin hutu, inda iyaye za su koyi maganar hannu, da tushen rubutun makafi, da dabarun ciyarwa da motsa jikin yaron da gaɓoɓinsa suka sandare. Ba sai an ƙirƙiro ilimin daga farko ba: Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos suna da sassan ilimi na musamman, haka ma Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Oyo, wadda aka keɓe don wannan fanni. Abin da ya rage shi ne mayar da shi cikin Hausa, a boko da ajami, a kuma karanta shi a gidan rediyon jiha domin wanda bai yi karatu ba. Wannan aiki ne da ya rataya a wuyan sassan nazarin Hausa na jami'o'i, domin har yanzu kalmomin da ake kiran waɗannan yara da su sun fi kusa da gori fiye da bayani.

Sarautar gargajiya ma ta riga ta nuna abin da za ta iya. Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, yana cikin sarakunan Arewa da suka tsaya kan rigakafin shan-inna har aka tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta daji daga Nijeriya a 2020. Hanyar da ta kai ɗigon rigakafi kowane gida, daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, ita ce za ta iya ƙidaya yaran da ke ɓoye ta haɗa iyayensu da asibiti da makaranta. Ungozoma da ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi za su iya koyon tambayoyi kaɗan: shin jariri yana firgita da ƙara? Yana bin haske da ido? Ya zauna a kan lokaci? Su kuma sarakunan makafi da na guragu, waɗanda al'ada ta san da zamansu, ya kamata a zauna da su a matsayin masu shawara, domin sun san zafin abin daga ciki.

Game da isa ga matan da ke cikin gida, tarihin wannan yanki ya tanadi misali. Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa tsarin 'yan taru a ƙarni na 19, inda jajis ke ɗaukar karatu su kai wa mata har ƙauyukansu. Uwar da ta raini kurma har ya girma tana da ilimin da babu shi a littafi. Idan aka ba ta horo da ɗan alawus, ita ce jajin da za ta shiga gidan sabuwar uwa ta ce mata, “Ki kwantar da hankalinki, ni ma na bi ta nan.” Makarantun Islamiyya na matan aure wuri ne da ya dace da irin wannan haɗuwa, kuma Musulmin da ya san dalilin saukar Suratu Abasa da darajar Abdullahi ɗan Ummi Maktum ba ya buƙatar doguwar hujja.

Saboda haka, Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jihar Kebbi ya kamata ta bayyana wa jama'a abin da take karɓa don ilimi na musamman da inda yake tafiya, ta ware wani kaso don horar da iyaye, ta buɗe aƙalla aji ɗaya mai ƙwararren malami a hedikwatar kowace ƙaramar hukuma, ta kuma ba iyayen waɗannan yara kujera a kwamitocin kula da makarantu. Makarantar Birnin Kebbi ta ci gaba da zama cibiya, tana aika malamai da kayan aiki zuwa waɗannan azuzuwa. Ma'aunin nasara kuwa mai sauƙi ne: ranar da uwa a Gulma ko Lailaba ta lura jaririnta ba ya waiwayowa idan an kira shi, ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa a cikin makon nan, kuma ta tarar da mai amsa mata da Hausa.